Ishaƙ Mai Birki da Kiran da Ban Yi Ba

Shekara ashirin da shida Ishaƙ ya yi yana gyaran birkin manyan motoci a Gumel, a wata rumfar kwano da ke bakin hanyar Maigatari. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa giya, ba ya facin taya. Iska kaɗai ya sani: yadda take fitowa daga kwamfuresa, ta taru a tanki, ta bi tiyo har ta isa ƙafar mota ta tsayar da ita. Direbobi daga Haɗeja, daga Babura, har daga tsallaken iyaka, sukan kawo masa mota. Cikin wata goma sha huɗu wannan sunan ya zube, kuma ina cikin waɗanda suka zubar da shi, ko da yake ban taɓa faɗin mummunar kalma ɗaya a kansa ba.

An haife shi a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Mahaifinsa manomin gero ne da wake. Karatunsa na allo ne, har yau da ajami yake rubuta lambar mota a bango. Yana da shekara goma sha shida ya bi wata gingimari da ke kai goro da atamfa Damagaram, tana dawowa da dabino da kanwa. A tafiya ta uku birkinta ya mutu a can. Aka kai ta wurin wani tsohon bakanike, aka bar Ishaƙ yana gadinta. Motar ta koma gida bayan kwana ashirin, shi kuwa sai da ya shekara bakwai. Daga can ya ɗauko kalmomin da direbobi ke tsokanarsa da su, don har yanzu babbar mota kamiyo yake ce mata. A can kuma ya rasa kunnensa na hagu, ranar da tiyo ya fashe yana kwance ƙarƙashin mota. Tun daga nan, in kana masa magana sai ya juyo maka da gefen dama, kamar mai shirin tafiya.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Sifana, guntun tiyo mai tsawon kamu biyu, gwangwanin tumatir cike da ruwan sabulu, tsohon buroshin haƙori, da alli. In an kawo mota tana zubar da iska, sai ya sa a tayar da ita har allurar agogon iska ta hau kan takwas, ya sa a kashe. Ya kafa bakin tiyon nan a kunnensa mai ji, ɗaya bakin yana bin jikin motar da shi, daga gaba zuwa baya. Inda ya ji tsaki, sai ya shafa ruwan sabulu ya jira kumfa. Bayan ya gama gyara, ba ya ba da makulli. Sai ya sake cika tanki, ya kashe mota, ya ja layi da alli a kan gilashin agogon daidai inda allura ta tsaya, ya tafi sallar azahar. Ba ya sake dubawa sai bayan la'asar. In allurar ta sauka daga layin ko da faɗin farce ne, motar za ta kwana.

Akwai wani direban tirela, Dogo, da suka fi shekara ashirin suna wannan rigimar.

"Ishaƙ, kai ba bakanike ba ne, ladan ne. Mota ma sai ta yi salla biyu a wurinka kafin ka sake ta."

"Taka ma uku za ta yi, don ta ga irin wanda ke tuƙa ta."

"Shanu ke jirana a Maigatari!"

"Su jira. Su ai ƙafarsu na da birki."

Dogo zai yi ta faɗa, ya je ya ci tuwo, ya dawo ya kwanta a inuwar motarsa har la'asar. Bai taɓa kai motarsa wani wuri ba.

Na san Ishaƙ ta dalilin tankar ruwa ta makarantar sakandaren da na shugabanta. Fiziks na karanta a jami'a, shi na koyar shekara talatin da biyu. Wata rana a 2009 na tsaya ina kallonsa yana aiki, sai na tambaye shi abin da ke faruwa in iska ta ƙare mota na cikin gudu. Ya fito daga ƙarƙashin tankar ya nuna mini wata tukunyar ƙarfe kusa da ƙafar baya. Ya ce a cikinta akwai sifirin mai ƙarfi, wanda kullum so yake ya danne birki, iska ce ke riƙe da shi. In iska ta gudu, sifirin ya kuɓuce, ƙafafun baya su ƙame, mota ta tsaya ko direba ya so ko bai so ba. Ya ce abu ɗaya ne ke hana hakan: in an zura dogon ƙarfe ta bayan tukunyar an ɗaure sifirin da noti, kamar yadda ake yi in za a ja mota zuwa gareji. Motar da aka ɗaure wa sifirin, muddin akwai iska tana da birki. In iskar ta ƙare, ba ta da komai. Na gane sarai. Na ma zana wa ɗalibaina hotonsa a allo a makon.

Ɗana na fari sunansa Mu'azzam. Na rubuta shi nan sau ɗaya, don mai karatu ya sani. Yana raye ban taɓa kiransa da shi ba. A gidanmu ba a nuna ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba, ni ma haka na taso na yi. Da aka yaye shi, Iya, mahaifiyata, ta ɗauke shi, daga baya ya koma hannun ƙanena Abdurra'uf. Shi yake kira Baba, ni kuwa Malam. In za a yi zancensa a gabana, sai a ce yaron Abdurra'uf. Kuɗin makarantarsa ta hannun Abdurra'uf yake bi. Ranar da ya gama karatun likitan dabbobi, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma tafi gona. Lambarsa na cikin wayata, amma a ƙarƙashin sunan "Asibitin dabbobi" na ajiye ta. Sau biyu na taɓa kiranta a shekara tara, duka biyun rasuwa na sanar da shi.

A farkon 2022 ya sayi wata tsohuwar mota da aka shigo da ita ta Nijar, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, mai ɗaki a ciki. Tana da gado, da wurin girki, da firij. Girmanta ya kai ƙaramar bas. Firij ɗin ya ja shi, don allurar rigakafin shanu ba ta son zafi. Ya cire kujeru ya sa kantocin magani, ya riƙa zagaya rugage tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ran Alhamis kuma ya kafa ta a gefen kasuwar dabbobi ta Maigatari. Makiyaya suna ce mata gidan likita.

Motar birkin iska gare ta. Ban da wannan, maimakon sifirin ɗin ƙarfe da ke ɗauke nauyin mota, a kan jakunkunan roba huɗu take zaune, su ma iska ke cika su, daga kwamfuresa ɗaya da birkin. A farkon watan Agusta iskarta ta ƙare kusa da Gagarawa, ƙafafun baya suka ƙame a tsakiyar titi. Ishaƙ ya je a kan babur, ya ɗaure sifirin biyun, aka jawo ta rumfarsa.

Kwana tara ta yi a wurinsa. Rana ta farko ya sami tiyon da ya tsage, ya canja. Allura ta hau takwas. Ya ja layinsa, da la'asar ya tarar ta sauka kaɗan. Ya bi duk mahaɗa da ruwan sabulu, bai ga kumfa ba. A rana ta huɗu ya sa mutum biyar suka hau bayan motar suna tsalle, shi yana ƙasa da tiyo a kunne. Nan ya ji ta. Jakar baya ta hagu tana da tsaga a cikin ninkinta, wadda ba ta buɗewa sai mota ta girgiza. Da wannan kaɗai ne da sauƙi, don akwai bawul da aikinsa shi ne ya rufe hanya in jakunkuna suna zuba, kada su shanye iskar birki. Ya kwance bawul ɗin ya tarar tsatsa ta cinye shi, a buɗe ya ƙame. Ya mayar da shi, ya aika Kano a nemo wani, da jaka. Sifirin kuwa ya bar su a ɗaure, don yana juya ƙafafun da hannu yana gyara takalman birki, kuma a saninsa motar ba inda za ta.

A makon ne ciwon huhu ya ɓulla a garken wasu Fulani. Yaron ya riƙa zuwa rumfar safe da yamma. Na ji daga baya cewa sun yi musu fiye da sau ɗaya, yaron yana nuna allurar a kan takwas, Ishaƙ yana nuna masa layin alli. Ranar Laraba bayan la'asar Ishaƙ ya tafi tasha karɓar saƙon Kano. Kafin ya dawo, yaron ya zo da makulli na biyu ya tafi da motar.

Ina zaune a ƙofar gidana, ƙarƙashin darbejiya, tare da abokaina huɗu, muna zancen tsadar taki. Saura kamar rabin awa a kira magariba. Ɗan acaɓa ya sauke Ishaƙ, rigarsa duk baƙin mai, sabon bawul ɗin na hannunsa a cikin leda. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma.

"Allah ya gafarta Malam, wurinka na zo. Likita ya ɗauki motar."

Na ce, "Wane likita?"

Aka yi dariya. Ɗaya daga cikin abokaina ya ce, "Ku ji shi fa! Shekara talatin da ɗaya, har yau bai san an yi masa haihuwa ba."

Ishaƙ bai yi dariya ba. Ya juyo mini da kunnensa na dama, ya ce, "Yaron Alhaji Abdurra'uf. Malam, sifirin ɗin baya a ɗaure suke, duka biyu, kuma bai sani ba. Jaka na zuba, bawul a buɗe yake. In ya shiga hanya mai gargada, iskar za ta tafi. Na kira shi sau tara, ya ƙi ɗauka, ya san abin da zan ce. Na sa an rubuta masa saƙo, shiru. Na je gidansa, an ce ya tafi ruga, ba a san wacce ba. Malam, in ya ga lambarka zai ɗauka."

Duk cikin mutanen da ke kan tabarmar nan ni kaɗai na san ma'anar abin da ya faɗa. Wayar tana aljihuna na dama. Idanu takwas suna kaina, suna jiran su ga ko tsohon shugaban makaranta zai rikice a kan ɗan fari, su sami abin tsokana na shekara. Na ce, "Na ji. Za a gaya wa babansa."

Bai tashi ba. Ya ɗan jima a durƙushe yana kallona. Na juya na ci gaba da zancen taki. Da ya ga haka, ya sa takalminsa ya tafi.

Bayan magariba na tare Abdurra'uf a ƙofar masallaci. Abin da na ce masa ke nan: "Ka kira yaronka, bakanike ya ce motar ba ta gama gyaruwa ba." Ban ambaci sifirin ba. Da zan ambata, sai na yi bayani, in na yi bayani kuma muryata za ta nuna abin da ban saba nunawa ba, ga mutane suna fitowa. Abdurra'uf ya kira, aka ɗauka nan take. Na duba wayarsa daga baya: daƙiƙa arba'in da ɗaya suka yi. Yaron ya ce, "Baba, allura na kan takwas, a hankali zan tafi." Abdurra'uf ya ce Allah ya tsare. Ya gaya mini, na ce to.

Da asuba Ishaƙ ya je mararrabar da ke fita Maigatari ya tsaya da sifanarsa, yana jiran motar ta ɓullo. Minti goma ya ishe shi ya kwance notin biyu. Har hantsi yana nan. Yaron bai biyo ta Gumel ba, ya yanke ta hanyar daji, wadda ruwan damina ya farfasa.

Alhamis ce, 18 ga Agusta. Ya hau kwalta kilomita kaɗan kafin Maigatari, cikin cunkoson ranar kasuwa, inda dole direba ya yi ta taka birki, kowace takawa kuma iska take ci. Waɗanda suka gani sun ce wani amalanken shanu ɗauke da mata ya shigo titi, motar ba ta rage gudu ba, sai ta kauce dama ta bar hanya ta daki gawo. Matan ba abin da ya same su. Shi kaɗai ne a motar.

Direbobin da suka je jawo ta su suka ga dogayen ƙarafan nan biyu a bayan tukwanen birki. Kowane direban babbar mota ya san abin da suke nufi. Kafin a dawo daga maƙabarta labari ya gama tasha: Ishaƙ ya ɗaure sifirin, ya manta, ya ba likita mota. Rabin farko gaskiya ne, shi ya sa labarin ya zauna daram.

Ishaƙ ya zo gaisuwa kwana uku a jere. Yakan zauna a can ƙarshen tabarma, ya yi addu'a, ya tashi. A rana ta uku wani ɗan'uwan matata ya ce da ƙarfi, yana kallon wajensa, "Wasu dai ba su da ta ido." Na ji. Abokaina huɗun nan suna kusa da ni, su ma sun ji. Kowa ya dubi ƙasa. Na ci gaba da jan carbi. Ban sani ba ko Ishaƙ ya ji, don kunnensa na hagu ne ke wajenmu, amma bai sake zuwa ba.

Abokaina sun yi shiru don su rufa mini asiri. Abdurra'uf ya yi shiru don yana ganin laifin nasa ne, da bai matsa wa yaron ba. Ishaƙ kuwa, an tambaye shi a ofishin ƙungiyar direbobi ko shi ya ɗaure sifirin, ya ce shi ne. Aka ce yana da abin faɗa? Ya ce babu. Ba zai iya kare kansa ba sai ya ce mamaci ya ɗauki mota ba izini, ya kuma ce uban mamaci ya ji gargaɗi ya juya kai. Duka biyun bai ga wanda zai iya furtawa ba, ana cikin makoki.

Ni kuma na ce wa kaina sai bayan sadakar bakwai. Sannan na ce sai bayan arba'in. Sannan na ce magana ce ta tasha, za ta mutu da kanta. Na daina bin hanyar Maigatari. In zan je gona sai in zagaya ta bayan gari, abin da ke ƙara mini kusan kilomita uku.

A watan Oktoba na 2023 tayar babur ɗina ta yi faci, dole na tura shi zuwa wuri mafi kusa. Sai da na isa na ga rumfar Ishaƙ ce. Wani mai faci ne a ciki, wanda ban sani ba. Lambobin motoci na ajami suna nan a bango. Na tambaye shi ina mai wurin.

"Wanda ya kashe likitan nan? Ai ya koma ƙauye tun kafin damina. Wa zai ba shi mota? Yanzu kuma da aka rufe boda, ko ya dawo ba aiki." Ya ci gaba da goga robar. "An ce ma ba shi ne na farko ba."

Na biya shi na tafi gida. Matata na fara gaya wa, don ita ta mayar da abincin da Rakiyya, matar Ishaƙ, ta aiko ranar sadakar uku, kuma saboda ni ta yi hakan ba ta sani ba. Ta saurara har na gama. Ita ma ba ta taɓa kiran sunan yaron ba, ta fi ni ma kiyayewa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da ni ya zo wa, ban san me zan yi ba." Ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba mu yi wata magana ba sai gaisuwa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi ofishin ƙungiyar direbobi. Akwai mutum kamar talatin a rumfar, wasu tsofaffin ɗalibaina ne. Aka ba ni kujera, na ce a tsaye zan yi. Na faɗa musu yadda aka yi, bi da bi: makulli na biyu, kira tara, zuwansa ƙofar gidana, abin da ya ce, abin da na ce, mararrabar da ya tsaya da asuba. Na ce na san aikin sifirin tun 2009, kuma shi ya koya mini. Bai fi minti shida ba.

Shugaban ƙungiyar ya fara cewa ƙaddara ce, Malam ya yi haƙuri, kowa da kwanansa. Dogo ya katse shi. Yana zaune a kan benci, bai tashi ba.

"Malam, ban da raini. Wata nawa ke nan?"

"Goma sha huɗu."

"Wata goma sha huɗu. Ni da bakin nan nawa na hana mutum uku kai masa mota. Ɗaya tun daga Damagaram ya zo yana nemansa. Na wuce shi a kasuwa ya yi mini sallama na yi kamar ban ji ba, shi da yake kurman." Ya kakkaɓe hularsa a gwiwa. "Da jahili ne ya yi mana haka, da mun san abin da za mu ce masa."

Ba wanda ya tsawata masa. Ni ma ban ga abin tsawatarwa ba.

Washegari na hau motar Sule Tankarkar, daga nan na ɗauki acaɓa. Rakiyya na tarar a ƙofar gida tana tsince zoɓo a faifai. Ta gane ni. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Ashe Malam ya san hanyar gidan." Ta nuna mini gonar da haɓa.

Yana yankan riɗi, yana ɗaure shi dami-dami yana jingina su tsaye. Ya rame. Hannuwansa sun washe, ban taɓa ganinsu ba baƙin mai ba. Ya ajiye lauje zai durƙusa, na riƙe shi. Muka zauna a kan kunya. Na zagaya na koma damansa, na gaya masa abin da na yi jiya, da abin da ban yi ba tun bara. Na nemi gafararsa.

Ya murza ganyen riɗi a yatsunsa.

"Malam, da ka bari. Ni an riga an gama da ni, yanzu kai ma ka sa kanka a bakin mutane."

Na ce can ne wurina tun farko.

"Ni ma akwai nawa. Kwana tara likita yana zuwa, muna musu a kan jaka da bawul, ban taɓa ce masa sifirin a ɗaure suke ba. Gani nake motar na hannuna. Kuma tun ranar da na ga yana matsawa ya kamata in cire batir in ɓoye. Wannan nake juyawa kullum." Ya dube ni. "Hajiya, mahaifiyar likita, ta sani?"

"Ta sani."

"To, Allah ya ba ta haƙuri. Na yafe, Malam. Allah ya jiƙan likita. Yaro ne mai son dabbobi, gaggawa kawai gare shi."

Na tambaye shi ko zai koma Gumel, na ce zan yi magana a mayar masa da rumfar. Ya ce a'a. Mai facin na da iyali, ba zai sa a tashe shi ba. Ya sayar da jak ɗinsa da manyan sifanu ya sayi iri da taki. Kuma kunnen dama ya fara yi masa ƙara, ba kullum yake jin tsakin iska ba in ƙarami ne. Ya ce wannan kada in gaya wa direbobi tukuna. Daga baya shi da kansa ya gaya musu, shi ya sa na rubuta.

Bayan mako biyu Dogo ya tuƙa tirelarsa ba kaya har inda kwalta ta ƙare, ya aika a ɗauko Ishaƙ a babur. Motar lafiyarta ƙalau, kowa ya sani. Ishaƙ ya bi ta daga gaba zuwa baya duk da haka, ya sami wata mahaɗa tana ɗan zuba, ya ɗaure. Tun daga lokacin, duk Laraba yakan fito bakin titi, ƙarƙashin wata tsamiya, da ɗan abin da ya rage masa na kayan aiki. Wani makon mota uku, wani makon ɗaya, wani makon ya zauna har yamma ya koma. A da a rana ɗaya yakan ga shida. Yanzu shekararsa hamsin da bakwai. Riɗi da zoɓo ke ciyar da gidansa.

A watan jiya na shiga motar haya daga Gumel zuwa Kano. Da muka wuce wata tirela da ta lalace a gefen hanya, mutumin da ke kusa da ni ya fara ba ni labarin wani bakanike a garin nan da ya ɗaure birkin motar wani likita ya manta, likitan ya mutu. Na bar shi ya kai ƙarshe, sannan na ce ba haka aka yi ba, na faɗa masa yadda aka yi. Ya girgiza kai, ya ce shi daga bakin dangin mamacin ya ji. Na ce ni ne uban mamacin. Ya dube ni, ya ce Allah ya jiƙansa, ya juya wajen taga. A Gezawa ya sauka. Ban san wanne daga cikin labaran biyu ya shiga gida da shi ba.